Yadda Ake Neman Sinadarin da Zai Ƙara wa Furotin na Tantanin Sel Ƙarfi: Jagora ga 'Yan Labo a Arewacin Kamaru da Cadi

Ɗaliban mastar da na dakta sun dame ni da tambaya guda, wasu daga Ngaundare, wasu daga Marwa, har da 'yan Njamena: an ba su jigo a kan neman sinadarin da zai ƙara wa wani furotin na tantanin sel ƙarfin aiki, ta ina za su kama? Galibi kafin mutum ya yi tambayar ya riga ya shanya ganye buhu guda ya jiƙa a metanol, ko ya yi wata biyu yana gwada sinadarai a kwamfuta. To, ƙannena, wannan kamun aiki ne ta wutsiya. Ma'auni ake fara ginawa, sai ya tsaya da ƙafarsa sannan a kawo sinadari. Wanda ba shi da hanyar ganin furotin ɗinsa yana aiki, ba abin da zai gaya masa cewa aikin ya ƙaru.

Zan bi matakan da misali ɗaya, makarɓar GABA-A. Ƙofa ce a tantanin sel na ƙwaƙwalwa wadda ke barin kulorayid ya shiga idan GABA, sinadarin da jijiyoyi ke aika wa juna saƙo da shi, ya zauna a kanta, sai jijiya ta lafa. Na zaɓe ta ne domin binciken tsirran farfaɗiya ya daɗe a jami'o'inmu na arewa, kuma ana iya auna ta da kayan da ba su fi ƙarfin labo mai matsakaicin hali ba. Jerin matakan bai canzawa ko da furotin naka wani ne daban.

1. Tsayar da furotin, da irin ƙarin da kake nema

Rubuta a layi ɗaya: wane furotin, na wace halitta, wane reshe. "GABA-A" kawai bai isa ba, domin gaɓoɓi biyar ke haɗuwa su yi ƙofa ɗaya, kuma haɗin ya bambanta. Wanda ya fi yawa a ƙwaƙwalwa shi ne alfa1 biyu, beta2 biyu, gama2 ɗaya. Da shi za ka fara. Buɗe UniProt, rumbun bayanan furotin a intanet, ka sauke jerin amino asid na kowace gaɓa, ka duba rumbunan bayanan magunguna na ChEMBL da IUPHAR ka ga abin da aka riga aka sani. Duk kyauta ne.

Sannan ka yanke shawarar wane irin ƙari kake so, domin iri uku ne kuma kowanne da awonsa. Akwai sinadarin da ke buɗe ƙofar da kansa. Akwai wanda ba ya buɗewa, sai dai idan mai buɗewar na asali ya zo ya ƙara masa ƙarfi. Haka maganin diyazefam yake yi wa GABA-A, haka sinakalset yake yi wa makarɓar kalsiyam, haka ibakafto yake yi wa CFTR, wata ƙofar kulorayid daban. Akwai kuma wanda ke taimaka wa furotin ya naɗu daidai ya isa tantani da yawa, kamar lumakafto. Na biyun muke nema a nan.

Hattara: na uku yana buƙatar a bar sinadari a kan sel kusan yini guda kafin awo, na biyu mintoci kaɗan. Wanda ya cakuɗa su zai sami sakamako ya rasa fassararsa.

2. Takardu, tun yanzu

Takarda ta fi sel jinkirin girma, don haka a fara da ita. Diyazefam shi ne sinadarin shaida a wannan aiki, wato wanda aka san yana aiki ake gwada sauran da shi, kuma yana cikin magungunan da doka ta tsare. Shugaban labo ne zai nemi izini ta hukumar kula da magunguna. Kada ka daka ƙwayar da aka sayo a kasuwa ka ce ka sami shaida. Ba ka san nawa ke ciki ba, ga sitaci da sauran tarkace.

Idan da tsirrai za ka yi aiki kuma akwai yiwuwar a tura samfur waje, Kamaru tana da dokar 2021 a kan samun albarkatun halitta da raba amfaninsu, wadda ta biyo yarjejeniyar Nagoya, kuma ma'aikatar muhalli ke riƙe da ita. Kai reshen tsiron, da ganye da fure ko 'ya'ya, a tantance shi a ba ka lamba, ko a ma'ajiyar tsirrai ta ƙasa a Yawunde ko ta makarantar namun daji a Garwa. Sunan da mai magani ya faɗa maka ba ya shiga kundi shi kaɗai.

3. Kayan aiki da kuɗi

Abin da ba makawa: inkubeta mai riƙe digiri 37 da iskar CO2 kashi 5 cikin 100, akwatin aiki mai tace iska, madubin duba sel na kife mai hasken ƙyalli, firiza mai digiri 20 ƙasa da sifiri, fifet mai baki takwas, da baƙaƙen faranti masu rami 96 masu gindi garai. Sai na'urar karanta ƙyallin faranti mai allurar zuba ruwa da kanta. Ita ce mai tsada. Sabuwa tana haura sefa miliyan goma nesa ba kusa ba. Idan babu ita, madubin ƙyalli mai kyamara zai yi: ka ɗauki hotuna a jere, ka auna raguwar haske da manhajar Fiji, wadda kyauta ce. Aikin zai yi nawa, rami ɗaya bayan ɗaya, amma sakamakonsa karɓaɓɓe ne. Ƙungiyoyi irin su Seeding Labs da TReND in Africa suna taimaka wa jami'o'in Afirka da kayan labo, kuma sashe ne ke nema, ba ɗalibi ba.

A kayan da ke ƙarewa, ruwan jinin ɗan maraƙi da ake ciyar da sel shi ne ke cin kuɗi: kwalbar rabin lita takan wuce jaka ɗari biyu. Farantin awo ɗaya yakan kai jaka biyar. Kusan komai da yuro ake saye, yuro ɗaya kuwa sefa 655.957 ne ba ya motsi, saboda haka lissafin ba wuya. Abin da ke ruguza kasafi shi ne kuɗin jirgi, da duwan, da ƙanƙarar da ake rufe kayan sanyi da ita. Nemi takardar farashi mai ɗauke da waɗannan duka kafin ka rubuta wa mai ba da tallafi adadi.

Hattara da wuta. Inkubeta da firiza su zauna a kan batir da inbata, ko gurup mai tashi da kansa. Ɗaukewar wuta ta dare ɗaya a watan Afrilu a Garwa ta isa ta kashe aikin wata uku. Kuma inkubeta ɗumamawa take yi, ba ta sanyayawa: idan ɗakin ya kai digiri 40, cikinta ma zai wuce 37. Dole ɗakin sel ya sami na'urar sanyaya ɗaki. Kayan sanyi kuma kada a bari su sauka Duwala ranar Juma'a su kwana uku a sito. A shirya wanda zai karɓa ya sa su a sanyi kafin su hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare.

4. Raya sel, ka sa musu furotin

Sel ɗin HEK293, sel na ɗan Adam da ake rayawa a labo, ake amfani da su domin suna karɓar DNA cikin sauƙi. Roƙi kwalba daga labon da ka amince da shi, ka gwada ta ko tana da maikofilasma kafin komai. Wannan ƙwayar cuta ba ta gurɓata ruwa yadda ido zai gani, amma tana birkita sakamako. Da sel sun yi kyau, daskarar da kwalabe da dama a ajiye.

Filasmid huɗu za ka sa, wato ƙananan zoben DNA masu ɗauke da umarnin ƙera furotin: alfa1, beta2, gama2, da furotin mai ƙyalli ruwan ɗorawa, wato YFP mai canjin H148Q da I152L. Wannan YFP haskensa yana dushewa idan ayodayid ya shiga sel. Ƙofar GABA-A kuwa tana barin ayodayid ya wuce kamar yadda take barin kulorayid. Ke nan saurin dushewar haske shi ne ma'aunin buɗewar ƙofa. Labon Alan Verkman a San Faransisko ne ya inganta dabarar domin CFTR, daga baya aka ɗauke ta zuwa GABA-A da makarɓar gilaisin. Ana samun filasmid a Addgene, rumbun da ke rarraba su, ko a wurin masu binciken da suka wallafa aiki da su, bayan jami'a ta sa hannu a takardar musayar kaya.

Don shigar da DNA, sinadarin PEI mai nauyin kilodalton 25 ya fi araha nesa da kayan kamfani. Fara da maikrogiram uku na PEI a kan maikrogiram ɗaya na DNA, ka daidaita daga nan. Shafe gindin faranti da foli-D-laisin, in ba haka ba wankin farko zai kwashe sel ɗin, domin HEK293 ba sa riƙe gindi da ƙarfi. Awo bayan sa'a 24 zuwa 48.

Hattara: gama2 ce mai gardama. Alfa da beta suna iya haɗa ƙofa su biyu ba tare da ita ba, ƙofar ta amsa GABA lafiya lau, amma diyazefam ba zai taɓa ta ba. Shi ya sa ake zuba filasmid na gama2 ninki biyar ko fiye a kan sauran. Gwajin ganewa: zinki maikromola 10 yana danne ƙofar alfa da beta sosai, mai gama2 kuwa da ƙyar yake taɓa ta.

5. Gina ma'auni

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ɗalibai ke gaggawa. Ka ba shi wata biyu ko uku ba tare da jin ka ɓata lokaci ba.

Wanke sel da ruwan gishiri na awo: sodiyam kulorayid milimola 140, fotasiyam kulorayid 5, kalsiyam kulorayid 2, magniziyam kulorayid 1, HEPES 10, gulukos 10, a pH 7.4. Haɗa ruwa na biyu irinsa sak, sai dai sodiyam ayodayid ya maye gurbin sodiyam kulorayid. A cikin na biyun ake sa GABA. Saita na'ura ta haska a wajen nanomita 500 ta karanta a wajen 535. Karanta daƙiƙa kaɗan kafin zubawa, zuba ruwan ayodayid, ci gaba da karantawa daƙiƙa 20 zuwa 30. Raba kowane karatu da hasken farko na wannan ramin, domin yawan sel bai zama ɗaya a kowane rami ba. Ruwan ayodayid a haɗa shi ranar aiki a naɗe kwalbar da takardar alminiyam. Idan ya fara komawa rawaya, zubar da shi.

Aikin farko shi ne zanen amsar GABA shi kaɗai. Yi matakai takwas zuwa goma, kowanne ninki uku na wanda ya gabace shi, tun daga inda babu amsa har inda amsa ta daina ƙaruwa. Daga zanen ka fitar da EC50, wato adadin da ke ba da rabin amsa, da kuma EC20, mai ba da kashi 20 cikin 100. Kunshin drc na manhajar R yana yin wannan lissafi kyauta. Kada ka kwafi adadin daga takardar wani; sel ɗinka da na'urarka su za su faɗa maka naka.

Duk tacewar da za ka yi, a EC20 za ka yi ta, ko ƙasa kaɗan. Dalili a fili yake: tulun da ya cika ba ya nuna ƙarin ruwa. Idan ka zuba GABA da yawa, ƙofofin duk sun buɗe iya buɗewa, ko diyazefam ka kawo ba za ka ga bambanci ba, sai ka yar da sinadari mai kyau ka ce ba ya aiki. Idan kuma ka yi ƙasa da yawa, hayaniyar na'ura za ta haɗiye amsar. Masu neman sinadarin da ke toshe furotin ba su da wannan matsala, shi ya sa bin tsarin awonsu yake kai mai neman ƙari ya baro.

EC20 yana zamewa daga mako zuwa mako, gwargwadon shekarun sel da yadda DNA ya shiga. Sa ɗan gajeren zanen GABA a kowace ranar awo.

Yanzu ka gwada ma'aunin kansa. Cika rabin faranti da GABA a EC20 tare da DMSO kawai, wato ruwan da ake narkar da sinadarai a ciki, ɗaya rabin da GABA a EC20 tare da diyazefam maikromola 1. Fitar da matsakaici da warwatsuwar kowane ɓangare (standard deviation), ka lissafa Z', makin ingancin ma'auni: haɗa warwatsuwar biyu, ninka sau uku, raba da tazarar da ke tsakanin matsakaitan biyu, cire abin da ka samu daga 1. Idan ya kai 0.5 ko fiye, a ranaku uku daban-daban, ma'auninka ya tsaya. Idan bai kai ba, kada ka taɓa sinadari ko ɗaya. Koma ka duba yawan sel, wanki, saurin allura, da kumfa a rami. Ƙara gwaji biyu: fulumazenil ya kamata ya soke ƙarin da diyazefam ya kawo, fikrotoksin kuma ya kashe amsar gaba ɗaya.

Hattara da ramukan gefe. A lokacin hunturu iskarmu busasshiya ce ƙwarai, ruwan ramukan gefe yana tsotsewa, gishiri ya yi yawa, sel su canza hali. Cika ramuka 36 na kewaye da ruwa mai tsabta, ka yi aiki da 60 na ciki, ka tabbata tiren ruwan inkubeta bai ƙafe ba.

6. Tara sinadarai

Kamfanin Vertex ya tace sinadarai kusan 228,000 kafin ya kama zaren da ya kai shi ga ibakafto, wanda Amurka ta amince da shi a 2012. Kai ɗari biyu ko uku za ka iya, don haka zaɓe ya zama da hankali. Fara da tsarkakakkun sinadaran da ke kwance a firizar sashen kimiyyar sinadarai, waɗanda magabatanka suka ware daga tsirrai aka rubuta kundi aka manta da su. Duba rumbunan CamMedNP da ANPDB, aikin Fidele Ntie-Kang na jami'ar Buwea da abokansa, ka ga sinadaran tsirran yankinmu da suka yi kama da waɗanda aka san suna ƙarfafa GABA-A: fiferin na barkono baƙi, honokiyol da magnolol, asid ɗin balerenik, hisfidulin.

Gwajin kwamfuta da manhajar AutoDock Vina yana da amfani wajen rage jerin da za ka saya, kuma tun 2018 akwai sifofin GABA-A na ɗan Adam mai alfa, beta da gama a PDB, rumbun sifofin furotin. Amma a ra'ayina an ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Diyazefam da fulumazenil gurbi ɗaya suke zama, tsakanin alfa da gama2. Ɗaya yana ƙara ƙarfi, ɗaya yana hana ƙarin. Kwamfuta za ta ba su duka maki mai kyau. Kundin da ya tsaya a makin kwamfuta ya ce ya gano mai ƙarfafawa bai gano komai ba tukuna.

Narkar da kowane sinadari a DMSO a milimola 10, raba shi ƙananan kwalabe, ajiye a firiza. DMSO yana shan danshin iska, yawan narkarwa da daskarewa kuma yana sa sinadari ya kwanta a gindi. A rami, kada DMSO ya wuce kashi 0.5 cikin 100, kuma ramin shaida ya sami daidai wannan adadin.

7. Tacewar farko

Sinadari tsarkakakke a maikromola 10, tsantsar tsiro a maikrogiram 10 zuwa 30 a kowace mililita, kowanne rami biyu a faranti biyu daban. Bar shi a kan sel minti biyar zuwa goma kafin zuba GABA. Kowane faranti ya ɗauki shaidunsa: DMSO, diyazefam, da GABA mai cikakken ƙarfi. Abin da ya wuce matsakaicin DMSO da ninki uku na warwatsuwa, ware shi. Sake gwada shi daga sabon gari da ka auna a sikeli, ba daga tsohuwar kwalba ba. Da yawa za su faɗi a nan, kuma haka ya kamata.

8. Kore na bogi

Duk abin da ya rage hasken YFP zai yi kama da nasara, kuma hanyoyin rage shi ba tare da taɓa GABA-A ba suna da yawa. Tsirranmu sun ƙware a wannan.

Na farko, GABA kansa. Tsirrai da yawa suna ɗauke da shi, musamman a tsantsar ruwa ko ta metanol. Ka zuba tsantsa, amsa ta ƙaru, ka yi murna, alhali GABA ka ƙara a kan GABA. Gwada tsantsar ita kaɗai ba GABA. Idan ta buɗe ƙofa, raba ta tsakanin ruwa da etil asetet ka gwada ɓangaren etil asetet, domin GABA a ruwa yake zama.

Na biyu, masu huda tantani. Aduwa cike take da safonin, abin da ke sa ta kumfa. Safonin yana ɓula tantani, ayodayid ya kwarara ciki ba ta ƙofa ba. Na uku, tanin, irin wanda ya sa majema suke jima da bagaruwa: yana manne wa kowane furotin da ya tarar. Tace tsantsa ta garin foliyamayid kafin awo. Na huɗu, launi da tsami. Zoɓorodo ja ne, yana shanye haske, ga shi da tsami, YFP kuwa yana dushewa idan pH ya sauka. Koren ganye da wasu sinadarai suna da nasu ƙyallin.

Gwaji uku ke tone asirin yawancinsu. Zuba sinadarin a sel masu YFP kaɗai, ba makarɓa: idan haske ya ragu, bogi ne. Zuba shi a sel masu makarɓa tare da fikrotoksin: idan raguwar ba ta tsaya ba, ba ta ƙofar take bi ba. Karanta ƙyallinsa a rami marar sel. Bayan haka ka duba ko yana kashe sel, da gwajin resazurin.

Akwai wasu da suka fi wayo. Kurkumin, resberatirol, jenistin da makamantansu suna shiga kitsen tantani su canza taurinsa, sai furotin iri-iri su canza hali. Shi ya sa ake ganinsu suna "aiki" a kusan kowace takarda. Tace jerinka da matatar PAINS mai nuna sinadaran da suka saba ba da sakamakon bogi, wadda Baell da Holloway suka wallafa a 2010, tana cikin shafin SwissADME. Alamar gargaɗi ce kawai, ba hukunci ba, amma sinadarin da ta nuna sai ya kawo hujja ninki biyu.

9. Auna ƙarfinsa, ka gane inda yake zama

Wanda ya tsira, yi masa zane biyu. Na ɗaya: GABA a tsaye a EC20, sinadari yana hawa mataki takwas. Wannan zai ba ka adadin da ke kawo rabin ƙari, da iyakar ƙarin. Rubuta duka biyun, domin sinadari na iya aiki a ɗan adadi amma ƙarinsa ƙanƙane ne. Na biyu: sinadari a tsaye, GABA yana hawa. Mai ƙarfafawa na gaskiya yana tura zanen GABA zuwa hagu, wato GABA kaɗan ya yi aikin da a da sai mai yawa. Maimaita a ranaku uku da sabon zubin sel. Rami uku a faranti ɗaya ba maimaici uku ba ne.

Idan zanen ya miƙe tsaye kwatsam a babban adadi, ko ka ga ruwan ya yi gajimare, zargi sinadarin da dunƙulewa. Ɗaga farantin ka duba a madubi.

Sai neman gurbi. Fulumazenil ya soke ƙarin? To a gurbin diyazefam yake. Bai soke ba, kuma yana aiki a ƙofar da ba gama2? Wani gurbi ne daban, kuma wannan ya fi ban sha'awa. Fiferin haka yake. Canza alfa1 da alfa2 ko alfa3 ka gwada. An danganta barcin da diyazefam ke sawa da alfa1, rage fargaba kuma da alfa2, saboda haka sinadarin da ya fi son wani reshe yana da daraja ko da ƙarfinsa bai kai na diyazefam ba.

10. Gyara sinadarin

Abin da tacewa ta ba ka mafari ne. Yanzu za ka canza gefe ɗaya na sinadarin, ka bar sauran, ka auna, ka sake. Gefe ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya canza biyu ba zai san wanne ya yi aiki ba.

Fiferin ya dace da koyon wannan a labonmu. Ana ciro shi daga barkono baƙi, wanda ake nomawa a garin Fenja na Kamaru, a tsarkake shi har ya fito ƙanƙara rawaya mai narkewa a wajen digiri 130. A raba shi da alkali a sami asid ɗin fiferik, sannan a haɗa asid ɗin da amin iri-iri a sami 'yan uwa goma ko ashirin. Masu bincike a Basel da Biyana sun bi wannan hanya, suka sami 'yan uwan da suka fi fiferin ƙarfi a GABA-A kuma suka rabu da kunna TRPV1, makarɓar da ke kawo yajin. Jera sakamakonka a tebur ɗaya: sifa, adadin rabin ƙari, iyakar ƙari, narkewa a ruwa.

Hattara: ƙara wa sinadari maiƙo kusan kullum yana sa ya yi kamar ya ƙara ƙarfi a furotin na tantani, domin yana taruwa a kitsen da furotin yake zaune. Sai ka wayi gari da abin da ba ya narkewa. Riƙe ƙa'idar Lipinski ta 1997 a gefe: nauyi kada ya wuce 500, logP, ma'aunin maiƙonsa, kada ya wuce 5. Mai zuwa ƙwaƙwalwa ma gara ya fi haka ƙanƙanta. Kuma kada ka auna abin da ba ka tabbatar da sifarsa da tsarkinsa ba. Tabo ɗaya a farantin TLC ba hujja ba ce. Ana son awon NMR mai nuna sifa, da awon nauyi, da tsarki kashi 95 cikin 100 a HPLC. Yawanci sai an tura Yawunde ko waje, don haka tara su ka tura a zubi ɗaya, miligiram biyar zuwa goma kowanne, a busashe, cikin kwalba mai duhu.

11. Tabbatarwa da lantarki, sannan dabba

Awon YFP inuwar aiki yake gani. Mujallar kirki za ta nemi a auna lantarkin da ke ratsa ƙofar kai tsaye, ko a sel ɗaya da siririn bututun gilashi, ko a ƙwan kwaɗon Zenofus. Kayan wannan ba su da yawa a yankinmu. Rubuta wa labon da ke yi, ka haɗa da zanenka biyu da Z' ɗinka. Wanda ya ga ma'auni tsayayye yakan amsa. Sinadari biyu ko uku mafiya kyau za ka tura, bayan an sa hannu a takardar da ta fayyace mallaka da sunayen da za su hau wallafa. Ka roƙi a gwada maka su a hERG, ƙofar fotasiyam ta zuciya da ta hallaka magunguna da yawa, da kuma saurin da hanta ke cinye su. Cibiyar H3D ta jami'ar Kef Tawun, wadda Kelly Chibale ya kafa a 2010, tana yin irin gwajin hantar.

Ƙara wa furotin ƙarfi bai sa sinadari ya zama magani ba. Retigabin yana buɗe ƙofar fotasiyam ta Kv7, an amince da shi don farfaɗiya a 2011, aka janye shi daga kasuwa a 2017 bayan an ga yana sauya launin fata da na cikin ido. Kada kowa ya ɗanɗana abin da ya haɗa, kada kuma a ba wani mai farfaɗiya a gida.

Ɓera shi ne na ƙarshe, da izinin kwamitin ɗa'a. Gwajin fentilintetirazol, sinadarin da ke sa ɓera jijjiga, shi aka saba yi a nan, amma kare ɓera daga jijjiga bai nuna ta GABA-A aka bi ba. Sa rukunin da aka ba fulumazenil idan mataki na 9 ya nuna gurbin diyazefam ne. Haɗa da gwajin sanda mai juyawa don ganin ko dabbar maye kawai ta yi, ka raba ɓerayen rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, kuma wanda ke riƙe da agogo yana ƙirga jijjiga kada ya san wace allura aka yi wa wane ɓera sai an gama rubuta sakamako.